Facin Suna Huɗu

Tun da Laith ya shigo ofis da safiyar nan bai yi zaman kirki ba. Ya je taga ya leƙa titi, ya dawo, ya ɗauki kofin gahawa ya ajiye bai kurɓa ba, ya ciro waya ya duba ya mayar aljihu. Ofishin nasu ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai falafil, ƙosan Larabawa, a birnin Irbid, shi da abokiyar aikinsa Rawan, kuma ba irin ɗakin da ake safa da marwa a cikinsa ba ne. Duk juyin da ya yi sai ya buge kujera ko ya take wayar wuta.

"Don girman Allah ka zauna," in ji Rawan, ko kai ba ta ɗago ba. "Kana sa ni jiri."

"Yau ne layin Yaba a gidan matsa," ya ce, yana nufin mahaifinsa da gidan da ake matse man zaitun.

"Na sani. Mai falafil ma ya sani."

Lokacin zaitun ne. Ruwan farko ya sauka ya wanke itatuwa, duk mai gona a tuddan Ajlun ya kwashi iyalinsa da tsani da buhuna ya nufi daji. Mahaifin Laith ya gama tsinkar nasa jiya, da hannu, don shi bai yarda a doki itace da sanda ba. Bayan azahar za a zuba zaitun ɗinsa a inji, kuma ɗan kirki ba ya barin ubansa shi kaɗai a bakin famfon mai. Laith ya yi niyyar kama hanya tun da hantsi, sai ga saƙon masu Korbo.

Korbo manhaja ce ta kyauta da ake ɗora shafukan intanet a kanta, kamar yadda ake ɗora gini a kan harsashi. Waɗanda ke rubuta ta sun warwatsu a ƙasashe daban-daban, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, kuma cikinta a buɗe yake, kowa na iya leƙawa ya gani. A kanta Laith da Rawan suka gina shafin gidan matsa na Abu Saif, inda manoma ke kama layi ta waya maimakon su kwana a bakin ƙofa suna faɗa a kan wa ya riga wa zuwa. Aiki ya yi kyau. Matsala ɗaya ce. A wurin masu Korbo mutum suna biyu gare shi, nasa da na gidansu, shi ke nan. A ƙauyen su Laith kuwa suna biyu ba ya nuna kowa. Sai ka faɗi naka, da na ubanka, da na kakanka, da na dangi, sannan a san wanda ake nufi.

Ba sai an je nesa ba. Uban Laith sunansa Fayez Mahmud Salim Rashdawi. Gonar da ke ƙasa da tasa ta wani ɗan'uwansa ce, Fayez Mahmud Auda Rashdawi. Kakanninsu wa da ƙane ne, kuma rabon da Fayez ɗin biyu su yi wa juna sallama tun Laith yana firamare. Fayez na Auda ne ya sa aka sare babban reshen wani tsohon itace da ke kan iyaka don tarakta ta samu hanya. A ranar, gaban jama'a, Abu Laith, wato uban Laith, ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa har ya koma ga Allah babu abin da ya fito daga waccan gonar da zai wuce maƙogwaronsa. Wanda bai san shi ba zai ce fushi ne, zai huce. Bai huce ba. Mutum ne da in an gayyace shi biki sai ya tambayi da man wa aka yi girki kafin ya miƙa hannu. Saboda haka a wurinsa layin matsa ba wasa ba ne. Zaitun ɗinsa zai shiga inji shi kaɗai, mansa ya fito shi kaɗai, ya cika garwarsa, gida ya ci shekara.

Da Laith da Rawan suka zo kan maganar sunaye, shekarun baya, hanya biyu ce a gabansu. Ko dai a buɗe cikin Korbo a yanka a ɗinka har ta karɓi suna huɗu, wato faci. Ko kuma a rubuta abin daban, a jingina shi ta ƙofofin da masu Korbo suka bari don irin wannan, wato ƙari. Faci aikin yini guda ne, ƙari kuwa sai ya ci kwanaki. Amma duk ranar da aka sabunta Korbo, sabon zubi yana share faci tas, ƙari kuwa yana nan inda aka bar shi. Rawan ta ce ƙari. Laith ya ce faci, kuma ba lalaci kaɗai ba ne ya sa. Ya taɓa aika wa masu Korbo gyaran nasa, ya ce su sa shi a tsakiyar manhajar don duk mai suna huɗu ya amfana. Suka amsa cikin ladabi, suka gode, suka ce irin wannan ya fi dacewa a yi shi a matsayin ƙari. Ladabin ne ma ya fi ƙona masa rai. Daga ranar ya yi facinsa, ya daina sabuntawa, ya yi kunnen uwar shegu da duk saƙon da suka aiko.

Saƙon yau ba na kauda kai ba ne. An gano kafa a cikin tsohon zubi, kafar da baƙo zai iya shigowa ta cikinta ya kwashi lambobin wayar mutane ya hargitsa layi. Rawan ta juyo masa da allonta ta nuna masa. Tun asuba wasu ke ƙwanƙwasa sabarsu, kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, daga wuraren da babu mai zaitun ko ɗaya.

"Yau za mu sabunta," ta ce. "Ba gobe ba."

"A tsakiyar kaka? Ki bari a gama matsa mana."

"Ka gaya wa ɓarayin su bari a gama matsa. Wataƙila su ji maganarka, tunda ni ba ka jin tawa."

Ya koma taga. Ya dawo. "To a sabunta. Ina gamawa in mayar da facina, kafin azahar ina kan hanya."

"Ko kuma mu rufe shafin na kwana biyu, Abu Saif ya riƙa kiran suna da baki kamar yadda ubansa ya yi, mu rubuta ƙari mu huta har abada."

"Mu rufe? Ki kira Abu Saif ki gaya masa, ni ba zan iya ba. Kuma ni fa ƙarin nan ne ba na so, Rawan. Don me sunansu zai zauna a tsakar gida, namu a rumfar waje?"

"Gidansu ne, injiniya. Kai ne ka haura katanga ka yi gini a ɗakin mutane, suka zo shara kana fushi." Ta tura masa kofin gahawarsa da ya huce. "Ka ma tuna duk inda ka yanka?"

"Ni na yi abin nan da hannuna."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba, mai faci."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce. Ta ce babansa ya riga ya tafi da buhuna, ita kuma ta yanka kaji ta fara yankan albasa, yau musakhan, kaza da albasa a kan gurasa, za a ci da sabon mai, kada ya kuskura ya makara. Ya ce to, Yamma, haka yake kiranta, to, yanzu zan taso. Ya ajiye waya ya zauna, karo na farko tun safe.

Suka sabunta. Kamar yadda Rawan ta faɗa, sabon zubi ya share komai, shafi ya koma suna biyu. Sunayen uba da kaka ba su ɓata ba, suna nan a ajiye a rumbu, sai dai Korbo ta manta da su. Laith ya duƙufa. Yatsunsa sun san hanya, ya buɗe nan ya yanka, ya buɗe can ya ɗinka, yana yi yana duba agogo. Wurin rajista ya dawo. Wurin kama layi ya dawo. Saƙon da ake tura wa manomi a waya ya dawo. Ya buɗe layin yau don ya gwada, sai ga mahaifinsa da cikakken sunansa, kuma a ƙarƙashinsa kai tsaye, kamar da gangan, Fayez Mahmud Auda Rashdawi. Ba abin mamaki ba ne, gonakinsu a manne suke, rana ɗaya suke nuna. Ya yi tsaki.

"Kin gani? Huɗu cif. Sai an jima."

"Allah ya kiyaye hanya. Ni zan fara rubuta ƙarin, ko don in samu abin yi maka gori."

Ya sauka da gudu, ya tsaya ya sayi zafaffiyar gurasa don dangwala sabon mai, ya ta da mota. Ya bar gari ke nan, hanya ta fara hawa tana lanƙwasa, wayar ta yi ƙara. Rawan ce, kuma babu wasa a muryarta.

"Laith, allon da ke wurin inji, wanda ma'aikaci ke dubawa kafin ya zuba buhu, daga ina yake ɗauko suna?"

Wannan allon ba ta hanyar sauran yake bi ba. Ya tuna yanzu. Wata rana ce can baya Abu Saif ya kira yana kuka da allon, shi kuma yana tsakiyar cin abinci, ya buɗe kwamfuta a kan cinya ya yi ɗan faci a wani lungu na Korbo, ya rufe, ya ci gaba da cin abincinsa. Bai gaya wa Rawan ba, bai rubuta a ko'ina ba, shi kansa bai sake tunawa ba.

"Ina neman duk inda ake kiran suna ne don ƙarin, na ci karo da shi," ta ce. "Tun da muka sabunta suna biyu yake nunawa. Fayez Rashdawi, Fayez Rashdawi, a jere."

"Abu Saif ya san su. Ba zai bari ba."

"Na kira shi, wayarsa a kashe. Matarsa ta ce ya tafi ta'aziyya Jarash."

Laith ya san dokar gidan matsa, don shi ya rubuta ta a allon da hannunsa. In suna ɗaya ya zo sau biyu a jere, mutum ɗaya ne da lodi biyu, a zuba tare, ba sai an tsaya wanke inji a tsakani ba. Mai kula da inji a bana kuwa Usta Sha'aban ne, mutumin Masar, gwani a aikinsa, amma bai yi wata guda a ƙauyen ba. Ina zai san rigimar reshen itace?

Ya taka mota. Hanyar Ajlun a lokacin zaitun ba ta san sauri ba. A gabansa wata a-kori-kura ce shaƙe da buhuna, da tsani a ɗaure, da wata tsohuwa zaune a kan kaya tana kallonsa ba ruwanta. Ya yi hon, ya leƙa ta hagu, ya koma, ya sake leƙawa. Ya kira mahaifinsa, waya ta yi ta ringi. Ya san inda take, tana aljihun kwat, kwat ɗin kuma yana rataye a mota. Ya kira lambar gidan matsa, ita ma ta yi ta kuka, don in inji na aiki ko kusa da kai mutum yake sai ya yi ihu. Ya kira wani maƙwabci, ya ce shi yana kan itace. Gumi ya jiƙa masa riga alhali iskar tudu ce ke shigowa ta taga. Ya riƙa lissafi a ransa. Wataƙila layi ya yi jinkiri, ai kullum yana yi. Wataƙila an ɗauke wuta. Bai taɓa roƙon Allah ya ɗauke wa mutane wuta ba sai yau.

Rawan ta sake kira. "Na gyara allon. Yanzu huɗu yake nunawa."

"Da sauri haka? Yaya kika yi?"

"Faci na yi. In ka faɗa wa wani sai na kashe ka. Ka isa?"

"Saura kaɗan."

Tun daga nesa ya jiyo ƙarar inji da ƙamshin nan mai yaji da ke kama maƙogwaro. Ya ajiye mota a karkace, ya bar ƙofa a buɗe, ya zagaya ta baya inda ake zuba zaitun. Bai ko buƙaci tambaya ba. A gefen ramin zubi ga buhunan mahaifinsa, masu ɗaurin jan ƙyalle, babu komai a ciki. A kansu an jibga wasu, masu ɗaurin shuɗiyar igiya, su ma wayam.

Usta Sha'aban ya taho yana goge hannu da tsumma. Laith ya nuna buhunan, ya yi ihu a kunnensa, "Tare ka zuba?"

"Tare, ya basha, ranka ya daɗe! Suna ɗaya, lodi biyu. Na biyun tun safe aka sauke aka tafi." Ya ja shi wurin allo don ya nuna masa, sai ya tsaya yana ƙifta ido. "Wallahi ɗazu ba haka yake ba. Ɗazu gajere ne."

"Na sani," in ji Laith. "Ba laifinka ba ne."

Ya shiga ciki a hankali. Duk saurin da ya yi a hanya ya ƙare. Can ƙarshen zauren, inda mai ke zubowa kore shar daga famfo, ga Abu Laith zaune a kan kujerar roba, ya tura jan rawaninsa baya, fuskarsa sai walƙiya take. Garewani a jere a gabansa, waɗanda ya zo da su sun cika har ya ari na wasu. Manoma sun kewaye shi, yana ba su labarin yadda ake kula da itace. A hannunsa akwai gutsuren gurasa, leɓensa na sheƙi.

"Ga injiniya!" ya ɗaga murya. "Sai yanzu? Zo, ɗana, zo ka ga albarka. Tun da nake ban taɓa ganin irin bana ba. Na ce musu taki ne da haƙuri, ba duka da sanda ba." Ya dangwala gurasar ya miƙo masa. "Ɗanɗana ka ji. Wannan man gonar tudu ne, babu mai irinsa."

Laith ya karɓi gurasar ya riƙe. Man ya gangaro masa ta tsakanin yatsu. Yana iya ci ya yi shiru, amma shirun ba zai kai la'asar ba, mai shuɗiyar igiya zai dawo neman mansa. Tausayin tsohon ya kama shi, da kunya, har ya rasa ta inda zai fara. Ya durƙusa kusa da kunnensa ya faɗa masa. Ƙarar inji ta cinye maganar, sai da ya maimaita da ƙarfi, har na kusa suka ji.

Abu Laith bai yi ihu ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya dubi famfon, ya dubi garewanin, ya sa gefen rawani ya goge bakinsa, ya sake gogewa. Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa ya ce ai babu komai, ba da sani ba ne, Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, in ma yana so ya ciyar da miskinai ya warware rantsuwar ya ci mansa. Abu Laith ko kallonsa bai yi ba.

"Ka ce mini na'urar nan ta san kowa da kakansa," ya ce da ɗansa.

"Ta sani, Yaba. Yau ne aka sabunta ta, sai wani wuri ya goge, ni kuma..."

"Ya goge. Sunan kakana ne ka ajiye a inda ake gogewa?"

Laith ya dubi gurasar da ke hannunsa.

"To nuna mini." Tsohon ya miƙe, ya nuna jerin garewanin da hannu. "Kai ne mai ilimi. Wacce ce tawa a ciki?"

Mai ya ci gaba da zuba, Usta Sha'aban ya zo ya janye garwar da ta cika ya tura wata. Abu Laith ya kira shi ya ce duk a jera su jikin bango, in jikan Auda ya zo a ba shi, duka, har da waɗanda ya zo da su daga gida. Aka yi ta ba shi baki, wannan ya ce a raba daidai nauyin zaitun, wancan ya ce ya sayar da rabonsa. Ya ce shi ba ya sayar da abin da ba zai iya ci ba. Ya gyara rawaninsa ya fita, Laith na biye da shi.

A motar Laith suka tafi, don tsohon ya ce hannunsa ba zai riƙe sitiyari ba. Wayar Laith ta yi ta motsi a aljihu, Rawan ce, bai ɗauka ba. Gurasar da ya sayo a Irbid tana kujerar baya, ta huce. Suka gangara cikin ƙauye, ta gaban masallaci, ta gaban gidajen da ake sauke garewani ana guɗa. Sun kusa kwanar gida sai Abu Laith ya ce, "Tsaya a kantin Abu Zuhair."

Laith ya tsaya.

"Uwarka ta riga ta yanka albasa. Shiga ka sayo mata kwalbar mai." Sannan ya ƙara, "Ka duba takardar jiki, ya zama daga nesa aka kawo shi."

Laith ya buɗe ƙofa ya fita. Abu Zuhair na zaune a bakin kanti, ya hango motar ya ɗaga hannu zai yi gaisuwa, yana shirin tambayar yadda matsa ta kasance. Da Laith ya waiwaya, sai ya ga mahaifinsa ya zame ƙasa a kujera, ya ja rawani ya rufe fuskarsa.